Auna tasirin manufofin yaƙi da laifi: yadda ake gane shirin da ya yi aiki

Auna tasiri, abin da ake kira évaluation d'impact da Faransanci, bincike ne da ake yi domin a gano ko wata doka, ko wani shiri na ƴan sanda, na kotu ko na gidan kaso, ya rage aikata laifi da gaske. Tambayoyi biyu yake jerawa: me ya faru bayan an yi shirin, kuma me zai faru da ba a yi shi ba? Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ce tasirin shirin.

Wannan ya bambanta da rahoton ayyuka da ma'aikatu da furoje-furoje ke fitarwa a ƙarshen shekara. Rahoton ayyuka yana faɗin mutum nawa aka kama, fursuna nawa aka koya wa ɗinki, kuɗi nawa aka kashe. Duk wannan lissafin abin da aka yi ne, bai faɗi ko an rage sata ko da guda ba. Tarihin wannan fanni ya nuna akwai shirye-shiryen da aka yi da kyakkyawar niyya, jama'a suka yaba, amma da aka auna sai aka tarar sun ƙara wa matasa aikata laifi.

Abin da ake aunawa

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne komawa laifi, wato récidive: cikin waɗanda aka hukunta, nawa ne suka sake? Adadin da za a samu ya danganta da abin da aka ƙirga da kuma tsawon lokacin da aka bi mutanen. Ana iya ƙirga sake kamu, ko sake hukunci a kotu, ko sake shiga kaso, kuma kowanne adadinsa daban.

A Amurka, ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ya bi fursunonin da aka saki a 2005 a jihohi 30: an sake kama kashi 68 cikin 100 a cikin shekara 3, kashi 83 a cikin shekara 9. A Faransa, binciken Annie Kensey da Abdelmalik Benaouda na 2011 ya nuna kashi 59 na waɗanda suka fita kaso a 2002 kotu ta sake hukunta su a cikin shekara 5. Norway kuwa ana yawan ambaton kusan kashi 20, amma wannan sake hukunci ne cikin shekara 2 kacal. Wanda ya jera waɗannan adadi uku ya ce ga ƙasar da ta fi, ya kwatanta mudu da tiya.

Ma'auni na biyu shi ne yawan laifi a gari ko a unguwa. Nan ma akwai matsala, domin littafin komisariya ko na jandarmeri abin da aka kai ƙara kawai yake ɗauka. Idan jama'a suka ƙara amincewa da ƴan sanda, ƙararraki na ƙaruwa, sai a ga kamar laifi ne ya ƙaru. Idan suka fid da rai suka daina zuwa, sai adadin ya sauka a zaci an samu nasara. Saboda haka ne wasu ƙasashe ke bin gida gida suna tambayar mutane ko an yi musu sata ko an doke su a shekarar da ta wuce, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Amurka na yin irin wannan bincike tun 1973.

Akan auna wasu abubuwan kuma: kuɗin da ake kashewa a kan kowane mutum, tsawon zaman jiran shari'a, samun aikin yi bayan fita, da yadda jama'a ke jin an yi musu adalci.

Kurakurai uku da aka fi yi

Na farko shi ne kwatanta kafin da bayan. Hukumomi kan ɗauki mataki ne a lokacin da laifi ya kai maƙura, alhali abin da ya hau sama ƙwarai yakan sauko da kansa. Sata na iya raguwa saboda damina ta yi kyau, ko saboda samari sun tafi cin rani, ko an kama wasu mutum biyu da ke da hannu a rabin satar unguwa. Duk shirin da aka fara a daidai wannan lokaci shi zai kwashi yabon.

Na biyu shi ne zaɓe. Idan aka buɗe ajin koyon kafinta a gidan kaso, waɗanda za su rubuta sunansu galibi su ne masu niyyar gyaruwa tun da farko, shugaban gidan ma masu ladabi zai zaɓa. Idan suka fita ba su sake laifi ba, ba a san ko kafintar ce ta gyara su ko da ma can masu gyaruwa ne ba.

Na uku shi ne ƙaurar laifi. Sintiri na iya korar ɓarayi daga tasha su koma kasuwa. Wanda ya auna tasha kaɗai zai ce an ci nasara, don haka mai bincike kan auna unguwannin da ke kewaye su ma.

Hanyar ƙuri'a

Hanyar da ta fi ƙarfi wajen kauce wa waɗannan kurakurai an aro ta ne daga gwajin magunguna. Ana tara mutanen da suka cancanci shirin, a raba su kashi biyu da ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya shiga shirin, ɗayan a bar shi a kan tsarin da aka saba, shi ne rukunin kwatanci. Tunda ƙuri'a ba ta san mai ladabi ko mai taurin kai ba, idan mutanen na da yawa rukunonin biyu kan fito daidai a shekaru, a talauci da a hali. Bambancin da aka gani daga baya ana iya jingina shi ga shirin.

Ba kullum ake iya jefa ƙuri'a ba, musamman a kan hukunci, domin alƙali ba zai yanke wa mutum kaso da ƙuri'a ba. A nan masu bincike kan nemi inda yanayi ya raba mutane da kansa. Misali shi ne munduwar lantarki a Faransa, wadda ake ɗaura wa mai laifi a ƙafa ya yi zaman hukuncinsa a gida. Dokar 19 ga Disamba 1997 ce ta kawo ta, aka fara gwada ta a 2000 a wurare kaɗan kafin ta game ƙasa. Ke nan na wasu shekaru, mutum biyu masu laifi iri ɗaya, ɗaya na iya samun munduwa ɗaya ya shiga kaso, bisa kotun da ta yi musu shari'a kawai. Anaïs Henneguelle, Benjamin Monnery da Annie Kensey sun yi amfani da wannan bambanci, suka wallafa a 2016 cewa munduwar ta rage sake hukunci da maki 6 zuwa 7 cikin 100 a tsawon shekara 5.

Shirye-shiryen da suka cutar

Gwaji na farko da ya shahara a wannan fanni shi ne na Cambridge da Somerville, garuruwa biyu kusa da Boston a Amurka. Wani likita, Richard Cabot, ya kafa shi, aka fara aiki a 1939. An haɗa yara maza bibbiyu masu kama da juna a shekaru da yanayin gida, aka jefa kwabo domin a zaɓi wanda zai shiga shirin. Yaran shirin sun samu mai ba da shawara da ke ziyartar su gida, taimakon karatu, kulawar likita, wasu aka tura su sansanin hutu, na tsawon kimanin shekara 5. Ƴan kwatanci ba a yi musu komai ba.

Bayan shekara 30, Joan McCord ta bi sawun mutum 506, wato 253 a kowane ɓangare, ta wallafa sakamakon a 1978. Da aka tambayi waɗanda suka shiga shirin, kusan biyu cikin uku na waɗanda suka amsa sun ce ya taimake su. Takardun kotu da na asibiti kuwa akasin haka suka nuna: sun fi ƴan kwatanci maimaita laifi, sun fi su faɗawa shan giya da taɓin hankali, kuma waɗanda suka mutu cikinsu sun mutu da ƙananan shekaru. Abin ya fi muni ga waɗanda aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya, abin da ya sa masana ke ganin tara yara masu matsala wuri guda na sa su koyi hali daga juna. Da ba a ajiye rukunin kwatanci ba, da shaidar mahalarta ce za ta tsaya, a ce shirin ya yi kyau.

Misali na biyu shi ne shirin Scared Straight, wato tsoratar da yaro ya shiryu. A 1976 fursunoni masu ɗaurin rai da rai a gidan kason Rahway, jihar New Jersey, suka fara karɓar yaran da suka fara shiga hannun ƴan sanda, suna yi musu tsawa, suna ba su labarin azabar kaso. Fim ɗin da aka yi a kan shirin a 1978 ya ci kyautar Oscar, jihohi da dama suka kwaikwaya. James Finckenauer na jami'ar Rutgers ya kwatanta yaran da aka kai da waɗanda ba a kai ba, ya wallafa a 1982: cikin wata 6, kashi 41 na waɗanda aka kai sun aikata sabon laifi, a ɗaya ɓangaren kashi 11. A 2002 Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 9 na irin wannan shiri, suka tarar a dunƙule yana ƙara aikata laifi fiye da a ƙyale yaran.

Sakamakon wuri ɗaya ba ya isa

Gwaji guda, ko da an yi shi da kyau, bai isa a gina doka a kansa ba. A Minneapolis, tsakanin 1981 da 1982, Lawrence Sherman da Richard Berk suka gwada matakai uku a kan mazan da aka kira ƴan sanda saboda sun doki matansu: kamu, nasiha, ko fitar da mijin daga gida na ƴan awoyi. A cikin wata 6, bisa takardun ƴan sanda, kashi 10 na waɗanda aka kama suka sake, na nasiha kashi 19, na fitarwa kashi 24. Nan da nan jihohi da birane da dama suka wajabta kamu.

Da aka maimaita gwajin a wasu birane, kamar Omaha, Milwaukee da Charlotte, sai sakamakon ya rarrabu. An lura kamu na hana mai aikin yi sakewa, saboda yana da abin da yake tsoron rasawa, amma ga marar aiki a wasu wuraren dukan ƙaruwa ya yi. Dokokin dai sun riga sun kafu.

Akwai kuma kuskuren yanke ƙauna. A 1974 Robert Martinson ya taƙaita bincike 231 a kan gyaran halin fursunoni, aka ɗauki rubutunsa a matsayin shaidar cewa babu abin da ke aiki, masu son tsaurara hukunci suka riƙe shi hujja. Da yawa daga cikin binciken da ya duba masu rauni ne, shi kansa ya sassauta matsayinsa a 1979, amma ba a saurari gyaran kamar yadda aka saurari maganar farko ba.

Gwajin Monrobiya

A Afirka ta Yamma, gwajin da aka fi ambato shi ne na Monrobiya, babban birnin Laberiya, ƙasar da yaƙin basasarta ya ƙare a 2003. Wata ƙungiya ta cikin gida mai suna NEPI ta daɗe tana gudanar da horon gyaran tunani da ɗabi'a mai suna STYL ga samarin titi. Masu bincike uku, Christopher Blattman, Julian Jamison da Margaret Sheridan, suka haɗa kai da ita domin a auna shi.

An nemo maza 999 masu shekara 18 zuwa 35, da gangan aka nemi waɗanda aka fi tsoro: masu sata, masu sayar da ƙwaya, masu kwana a titi, da tsofaffin mayaƙa. Kowa ya sa hannu cikin jaka ya zaro ƙuri'arsa a gaban kowa. Aka samu rukuni huɗu: masu horo kaɗai, masu kuɗi kaɗai, masu horo da kuɗi, da waɗanda ba su samu komai ba. Kuɗin dalar Amurka 200 ne, kusan jika 100 na sefa a lokacin, ba tare da wani sharaɗi ba.

Horon na mako 8 ne, ana zama sau uku a mako, kimanin mutum 20 a aji. Masu koyarwa da yawansu sun taɓa irin wannan rayuwa. Ana koyon yadda mutum zai gane fushi ya taso masa ya dakata kafin ya kai hannu, yadda zai tsara abin da zai yi gobe da jibi, yadda zai yi ajiya. Akwai aiki a aikace: aski, sa tufafi masu tsabta, shiga banki ko babban kanti kamar kowa, domin mutum ya daina kallon kansa a matsayin wanda jama'a suka yar.

A makonnin farko, horo ya rage sata da faɗa sosai. Bayan shekara ɗaya, tasirin horo kaɗai ya ragu, na kuɗi kaɗai ya ɓace, amma waɗanda suka samu biyun sun ci gaba da nisantar laifi. Akasarin masu kuɗin ba su kashe shi a ƙwaya ba kamar yadda aka yi tsoro, sun sayi abinci da tufafi, sun ja ƙaramin jari, sai dai sana'o'in ba su ɗore ba. Masu binciken na ganin kuɗin ya ba samarin ƴan watanni ne na sukuni da suka yi ta aiki da abin da suka koya har ya zame musu jiki. An wallafa wannan a 2017. Da aka sake neman mutanen bayan shekara 10, sata da fashi a rukunin horo da kuɗi sun kai kusan rabin na ƴan kwatanci.

Wani abin lura shi ne yadda aka samo adadin. Takardun ƴan sandan Monrobiya ba za su iya nuna wa ya yi me ba, don haka samarin aka tambaya. Domin a tabbatar ba faɗin abin da ake so a ji suke yi ba, sai ma'aikata suka zauna kwanaki da wasu daga cikinsu, suna hira da su da abokansu, aka kwatanta abin da suka gani da amsoshin.

Iyakar auna tasiri

Auna tasiri na faɗin ko mataki ya rage laifi, amma ba ya faɗin ko matakin halal ne. Azabtar da wanda ake tuhuma haramun ne a doka ko da wani zai kawo adadi. Haka nan ba wa wanda ake tuhuma lauya haƙƙinsa ne, ba sai an nuna yana rage sata ba. Wasu kuma na sukar ƙuri'a da cewa tana hana wasu taimako. Amsar masu bincike ita ce, inda gurbi 100 ne masu buƙata 300, dole wasu su rasa, kuma ƙuri'a a bainar jama'a ta fi sanayya adalci. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai aunawa ya zama daban da mai gudanarwa da mai ba da kuɗi, a kuma wallafa sakamako ko da bai yi daɗi ba.

Batun a Nijar

Nijar ta ɗauki matakai da dama da irin wannan bincike ya shafa. An kafa hukumar ANAJJ mai taimaka wa marasa hali a gaban shari'a a 2011. An yi babban taron ƙasa kan shari'a a Yamai a Nuwamba 2012. A 2017 an kafa dokar aikin amfanin jama'a, travail d'intérêt général, wanda alƙali ke iya yankewa a madadin kaso a ƙananan laifuka. A Disamba 2016 gwamnati ta yi kira ga ƴan Boko Haram su ajiye makamai, aka buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, jahar Diffa. A Damagaram, ƙungiyoyi da dama sun yi aiki da samarin palais, waɗanda fim ɗin Aïcha Macky na 2021 ya nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara. A kowane ɗaya tambayar guda ce: ina waɗanda suka ratsa shirin suke bayan shekara 2 ko 5, idan aka kwatanta da irinsu da ba su ratsa ba?

Wahalar farko ta takarda ce. Kafin a ce mutum ya sake laifi sai an tabbatar shi ne. Suna ɗaya ana rubuta shi Mahamadou a nan, Mamadou ko Mahaman a can, takardun haihuwa da yawa kuma "né vers" suke ɗauke da shi. Wanda aka hukunta a Tawa ya fita ya koma Maraɗi, ko ya tsallaka Jibiya, zai iya bayyana gaban wani alƙali kamar sabon shiga. Wahala ta biyu ita ce rigingimu da yawa, har da ƙananan sace-sace, a gaban mai unguwa, maigari ko sarki ake sasanta su, ba sa shiga littafin kowace hukuma. Ta uku, fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason ƙasar masu jiran shari'a ne, don haka tsawon jiran da yawan waɗanda ake sallama ba tare da an same su da laifi ba ma'aunai ne da ba su gaza komawa laifi muhimmanci ba.

Ƙa'idodin ƙasa da ƙasa sun tanadi abin da ake buƙata. Ƙa'idodin Tokyo na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun nemi a riƙa auna hukunce-hukuncen da ba na kaso ba, Ƙa'idodin Nelson Mandela na 2015 kuma sun wajabta cikakken fayil ga kowane fursuna. Ƙasar na da hukumar ƙididdiga INS, da cibiyar bincike LASDEL a Yamai, da jami'o'i a jahohi. Abin da gwajin Monrobiya ya nuna shi ne ana iya aunawa ko inda takardun hukuma ke da rauni, muddin an shirya tun kafin a fara: a rubuta sunan duk wanda ya cancanta, a raba gurabe da ƙuri'a, a faɗi ma'aunin da za a bi, a ajiye kuɗin komawa neman mutanen bayan furoje ya rufe.